Fakewa a Gida Lokacin Mahaukaciyar Guguwar Teku

Fakewa a gida ɗaya ce daga hanyoyi biyu da mazauna gaɓar Tekun Atalantika ke bi idan mahaukaciyar guguwa ta tunkaro su, ɗayar kuwa ita ce ƙaura zuwa tudu. An fi sanin wannan al'ada a jihohin Amurka irin su Fulorida da Luwiziyana da Teksas, da kuma tsibiran Karibiyan, inda lokacin guguwa ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Da dama daga cikin manyan guguwowin nan asalinsu hadarin daminar yankin Sahel ne, wanda ke gangarawa yamma har ya faɗa teku ta wajen Senegal, ya samu ruwa mai ɗumi ya ƙara ƙarfi.

Ana kiran iska mahaukaciyar guguwa ne idan gudunta ya kai kilomita 119 a awa guda, kuma ma'aunin Saffir-Simpson ya kasa ta mataki biyar, inda na biyar ke farawa daga kilomita 252. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami kan yi shelar zama cikin shiri awa 48 kafin isowar iska mai ƙarfi, sannan ta yi gargaɗi idan saura awa 36. A wannan ɗan tsakani ne magidanci ke yanke shawarar tafiya ko zama.

Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne ruwa, domin ya fi iskar kanta kisa. Gida mai ƙwari yana iya kare mutum daga iska, amma bangon gida ba ya tare tumbatsar teku, wato ruwan da guguwa ke turowa kan tudu. A shekarar 2005, lokacin guguwar Katrina, shingayen da ke kare birnin New Orleans sun ɓalle har ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, kuma wasu da suka ƙi fita, ko suka rasa motar fita, sun hau tsakanin silin da rufi suna gudun ruwa, suka maƙale a can babu ƙofa. Saboda haka zama bai dace da wanda ke cikin kwari ba, ko wanda ke gidan tafi-da-gidanka, wato gida marar nauyi da ake iya ja da mota, ko wanda hukuma ta umarta da ya tashi.

Wanda ya zaɓi zama yakan rufe tagogi da faifan katako ko murfin ƙarfe, ya shigar da kujeru da tukwanen fure da duk abin da iska za ta iya wurgawa. Liƙa salatif a gilashi, duk da yaɗuwarsa, ba ya hana shi fashewa. Ana tanadin ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a kullum, da abincin gwangwani, da magunguna, da tocila, da rediyo mai batir, sannan a cika bahon wanka da ruwa don banɗaki. Idan iska ta kankama, iyali kan taru a ɗakin tsakiya marar taga, wani lokaci da katifa a kusa don kare kai idan rufi ya yaye.

Akwai wani shiru mai ruɗi da ke zuwa idan tsakiyar guguwar, wadda ake kira idonta, ta ratsa ta kan gari. Iska takan kwanta, har rana ta leƙo, sai mutum ya ɗauka an gama. Ba a jimawa sai ta dawo da ƙarfinta daga ɗaya ɓangaren, ta riski wanda ya fita duba ɓarna.

Bayan wucewarta ma haɗari bai ƙare ba. Wutar lantarki kan ɗauke na kwanaki ko makonni, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na awa huɗu kacal, wayoyin wuta kuma na kwance cikin ruwa. Janareta na fitar da iska mai guba marar launi marar wari, wadda ta hallaka mutane da dama a Luwiziyana bayan guguwar Laura a 2020, shi ya sa ake umartar a ajiye shi a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga.