Yadda Ake Tayar da Fractint a Kwamfutar Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce Fractint?

Manhaja ce ta zana firaktal, wato siffar da lissafi ke haifarwa, wadda in ka matso da ƙaramin sashenta sai ka ga ya ɗauko kamannin babbar, kamar yadda reshe ke kama da bishiyarsa. Mafi shahara ita ce siffar Mandelbrot, mai sunan Benoit Mandelbrot, masanin lissafin da ya yi aiki a kamfanin IBM. Bert Tyler ne ya fara fitar da manhajar a 1988 da sunan FRACT386, daga baya wasu masu sa kai da ake kira Stone Soup Group suka ci gaba da gina ta, suna rabawa kyauta. A lokacin kwamfutoci da yawa ba su da guntun da ke lissafin lambobi masu ɗigo, sai aka sa ta yi aiki da cikakkun lambobi. Da wannan dabarar ta riƙa zana hoto da sauri a injin da ba shi da ƙarfi.

Me ya sa take ƙin buɗewa a Windows 10 ko 11?

An rubuta ta ne don DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta da ya gabaci Windows, kuma 'yar bit 16 ce. Windows mai bit 32 tana da wani sashe, NTVDM, da ke karɓar irin waɗannan tsofaffin manhajoji. Mai bit 64 ba ta da shi, domin firosesa idan tana aiki a yanayin bit 64 ba ta bayar da yanayin 8086 da sashen ya dogara a kai. Windows 11 kuwa bit 64 kaɗai ake yin ta. Akwai matsala ta biyu: Fractint kai tsaye take magana da katin hoto ta tsofaffin ƙa'idojin nuna hoto na VGA da VESA, kuma Windows ta zamani ba ta yarda manhaja ta yi hakan. Saboda haka zaɓin dacewa da tsofaffin manhajoji da ke cikin Windows ba zai tsinana komai ba.

To yaya za a yi?

A sa DOSBox, ko 'yan uwanta DOSBox-X da DOSBox Staging. Suna kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ce gaba ɗayanta, har da katin hotonta, kuma suna aiki a Windows da Linux da macOS. Ka zuba fayilolin Fractint a folda guda, a cikin DOSBox ka haɗa ta ta hanyar rubuta mount c da adireshin foldar, ka shiga C: ka rubuta fractint. A fayil ɗin saitunan DOSBox ka bar machine=svga_s3 don samun yanayin VESA, ka sa core=dynamic da cycles=max. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne mutane suka fi mantawa, sai hoto ya riƙa fitowa layi-layi, su zaci manhajar ce ta lalace. Idan allo ya yi baƙi, danna Delete ka zaɓi ƙaramin yanayi, kamar 320 × 200 mai launi 256, in ya yi sai ka hau sama a hankali.

Ba a yi wadda ke aiki kai tsaye ba?

An yi. Masu Linux suna da Xfractint. WinFract kuma 'yar bit 16 ce ita ma, sai da taimakon otvdm, manhajar da ke tayar da tsofaffin manhajojin Windows masu bit 16, take tashi a Windows mai bit 64. Akwai kuma Iterated Dynamics, wadda Richard Thomson ya gina a kan tushen Fractint don Windows ta yanzu.

Tunda akwai sababbi irin XaoS, me ya sa za a wahala?

In kallon siffar Mandelbrot kawai kake so, ka ɗauki XaoS, ta fi sauri nesa ba kusa ba. Amma ni abin da ya dame ni shi ne tarin aikin da mutane suka yi shekara da shekaru. Masu amfani da Fractint ba hoto suka fi aika wa juna ba, ƙananan fayilolin rubutu suke aikawa: PAR mai ɗauke da wurin da aka zana da saitunansa, FRM mai ɗauke da lissafin da mutum ya ƙirƙiro da kansa, MAP mai jerin launuka. Layuka kaɗan sun isa a sake haifar da hoto cikakke. Wasu sababbin manhajoji suna iya karanta wani ɓangare, amma ba lallai hoton ya fito yadda mai shi ya tsara ba. Sai kuma juya launuka 256 da ke sa hoto ya yi kamar yana gudana, abin da ya dogara da yadda katin VGA ke aiki.

Ina da tsofaffin hotunan GIF daga Fractint, me zan kiyaye?

Kada ka buɗe su a manhajar gyaran hoto ka sake ajiyewa a kan na asali. Fractint tana ɓoye saitunan zanen a cikin fayil ɗin GIF ɗin kansa, kuma sake ajiyewa yakan goge su. Ka kwafe su tukuna, ka loda kowane a Fractint, ka danna B don fitar da PAR ɗinsa. Idan hoton ya dogara da wani lissafi na musamman, ka ajiye FRM ɗinsa a folda ɗaya da shi, domin in babu shi PAR ɗin ba zai zana komai ba.