Ma'anar DAG a duniyar kirifto

Duk mai bibiyar harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ya sha jin ana cewa kuɗi kaza ba a kan bulokcen yake ba, wato rijistar hada-hada da ake jerawa kamar sarƙa, a kan DAG yake. DAG gajarta ce ta kalmomin Turanci uku, ma'anarsu kuwa tsarin alaƙa da ke tafiya gaba kawai, ba ya zagayowa inda ya faro.

Ka duba salsalar gidanku. Kowane yaro yana da uwa da uba, su ma suna da nasu iyayen. Auren zumunci kan sa rassa biyu su sake haɗuwa, amma ba wanda zai taɓa zama kakan kansa. To, haka DAG yake.

A Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, ana tara hada-hada a ƙunshi ɗaya, kusan duk minti 10 a ɗaura shi a bayan na baya. Layi ɗaya ne, kamar layin mai a gidan mai. Shi ya sa ba ya wuce hada-hada kusan 7 a daƙiƙa, kuma in cunkoso ya yi yawa, wanda ya fi biyan kuɗin caji shi ake fara sallama.

IOTA, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto masu amfani da DAG, ta fito da nata tsarin mai suna Tangle, inda a wancan lokacin duk sabuwar hada-hada sai ta tabbatar da guda biyu da suka riga ta, tamkar uwa da uba. A tsarin nan na farko babu masu haƙa, wato masu tabbatar da hada-hada da kwamfuta don samun lada, kuma babu caji. A kuɗin Nano kuma kowane asusu da tasa sarƙar. Kaspa, wani kuɗin da ya fara a 2021, tana amfani da haƙa, amma tana karɓar ƙunshi da yawa a lokaci guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne: idan mutum ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu a rassa daban-daban, wa zai ce wanne ne na farko? A layi ɗaya wannan da sauƙi. Shekaru da dama IOTA ta dogara da wata na'ura ta gidauniyarta mai suna Coordinator don yanke hukuncin. A Fabrairun 2020, da ɓarayi suka kutsa Trinity, manhajar ajiye kuɗin IOTA, gidauniyar ta kashe na'urar, hada-hada ta tsaya cak kusan wata guda. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin an ce mana kuɗin ba shi da mai iko, sai ga makunninsa a hannun mutane ƙalilan.