Ba Kowane Zazzaɓin Mai Ƙarin Ruwa Ne Na Cizon Sauro Ba

Da zarar majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwa ya fara rawar ɗari, masu jinyarsa kan ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu har su sayo magani a kemis. Alhali wani lokaci matsalar tana ga siririn bututun da aka bari a jijiya, domin ƙwayoyin cuta na fata suna binsa su shiga jini kai tsaye. Shi ya sa nas ke duba wurin kullum, ko ya yi ja, ya kumbura, ko filasta ta jiƙe. Idan alama ta bayyana, a sanar da ita nan take a cire bututun a gwada jini, domin gasa wurin da ruwan zafi ba ya kashe cutar da ta riga ta shiga jini.