Me ake nufi da "jingine usur"?

Idan ɗan wasa ya daina taka leda, masu sharhi kan ce ya rataye takalmi. Shi kuwa alƙalin wasa usur ne makaminsa, shi ya sa idan ya yi ritaya ake cewa ya jingine usur, wasu su ce ya ajiye usur. Ma'anar dai ita ce ya daina busa wasa. Sai dai duk wanda ya zauna binciken wasan ƙarshe na wani alƙali zai tarar da cewa ba kasafai suke barin aikin a rana guda ba.

Alƙalanci hawa-hawa ne. Akwai bajen FIFA, wato shaidar izinin busa wasannin ƙasa da ƙasa, akwai gasar cikin gida, yanzu kuma ga ɗakin VAR, inda ake sake duba abin da ya faru a fili ta bidiyo don taimaka wa alƙali. Mutum kan sauka daga wani ya ci gaba da wani. Graham Poll na Ingila, wanda ya ba Josip Simunic katin gargaɗi har uku, maimakon ya kore shi a na biyu, a wasan Kuroshiya da Ostareliya a gasar cin kofin duniya ta 2006, ya haƙura da manyan gasannin duniya bayan wannan kuskure, amma sai da ya ƙara kaka guda a gida. Mike Dean ya busa wasansa na ƙarshe ranar 22 ga Mayun 2022, Chelsea da Watford, bayan wasa 560 a Firimiya da jan kati 114. Kakar da ta biyo baya sai ga shi gaban talabijin ɗin VAR yana yanke hukunci. To, wace ranar za a rubuta a matsayin ta ritayarsa?

A da shekaru ne ke raba gardama. Dokar FIFA ita ce da zarar alƙali ya cika 45, an gama da shi a wasannin ƙasa da ƙasa komai ƙwarewarsa. Daga baya aka soke ta, aka dogara da gwajin gudu da na lafiya. A Jamus kuwa an ci gaba da sallamar su a 47, har Manuel Gräfe, da aka sallama a 2021, ya maka hukumar ƙwallon ƙasar a kotu. A Janairun 2023 wata kotu a Frankfurt ta ce an nuna masa bambancin shekaru, ta ba shi diyyar Yuro 48,500. Fili dai bai koma ba.

Labarin Pierluigi Collina ya fi ɗaure kai. Shi ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya na 2002 tsakanin Brazil da Jamus, kuma da ya cika 45 a 2005 hukumar Italiya ta ɗaga masa ƙafa don ya ƙara shekara guda. Ana cikin haka ya ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanin motoci na Opel, wanda a lokacin shi ne ke ɗaukar nauyin AC Milan. Hukuma ta ce sai dai ya koma busa rukuni na biyu, shi kuma ya ce a kai kasuwa, ya ajiye aikin a watan Agusta. Wasansa na ƙarshe a Turai shi ne Villarreal da Everton, inda ya soke ƙwallon Duncan Ferguson. Har gobe magoya bayan Everton ba su huce ba.

A ganina nan ne bambancin yake da ɗan wasa. Tauraro kan sanar da tafiyarsa tun da wuri, a cika fili a yi masa tafi. Alƙali sau da yawa sai daga baya ake gane wancan wasan ne na bankwana. Da Howard Webb ya busa wasan Brazil da Chile a Belo Horizonte a 2014, ba a san shi ke nan ba, sai a watan Agusta ya sanar, yana da shekara 43, ya koma ofishin kula da alƙalan Ingila.

Akwai kuma waɗanda tsoro ya kora. Anders Frisk na Suwidin ya ba Didier Drogba jan kati a wasan Barcelona da Chelsea a Fabrairun 2005, aka yi ta aika wa Frisk barazanar kisa, shi da iyalinsa. A watan Maris ya jingine usur, yana da shekara 42.