Me ya sa hoton biki ke fitowa dishi-dishi idan an wanke?

Masu situdiyo a Garwa da Marwa sun saba da wannan ƙorafi: a kawo hoto a waya, a wanke, fuskar amarya ta dagule, sai a ce injin ne. Galibi tun a hanya hoton ya lalace.

A ina ingancin yake zubewa?

Yawancin hotunan waya JPEG ne, tsarin adana hoto da ya fito a 1992. Don rage nauyi, yakan raba hoto gida-gida, fiksel (ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton) 8 tsaye 8 kwance, ya zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba. Abin da ya zube kuwa ba ya dawowa. Duk gyaran da ka yi ka sake adanawa, sai wani abu ya ƙara tafiya. Buɗa hoton sosai ka dubi zanen lalle ko aikin zaren hula: layukan sun cuɗe, gefensu ya yi datti-datti. Alamar ke nan.

Kwafa ma tana ɓata shi?

A'a. Daga waya zuwa memori ko kwamfuta, ko ta Bluetooth, fayil ɗin yana nan yadda yake.

WhatsApp fa?

Nan ne babbar ɓarnar. Yana matse hoto don tsimin data, Facebook ma haka. Maɓallin HD da aka ƙara a 2023 ya taimaka, amma bai hana matsewa ba. Hoton da za a wanke, tura shi ta Document. Zai ci mega, na sani, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi. Sikirinshot kuwa kada ma ka fara, girman fuskar wayarka kawai zai ɗauko.

To yaya zan gyara?

Kada ka taɓa asalin, yi aiki a kan kwafi. Haske, launi, yanke gefe, gama su a zama ɗaya, ka adana sau ɗaya a inganci mafi girma. Idan aikin zai kwana, ajiye shi a PNG ko TIFF, su ba sa zubar da komai.

Fiksel nawa ke isa?

Hoton santimita 10 da 15 yana son kusan fiksel 1200 da 1800. Idan ka yanko mutum ɗaya daga taron hawan sallah a ƙofar Lamido, duba yawan fiksel ɗin da suka rage kafin ka biya kuɗin wanki.