Tashi Daga Ƙasa a Wasan Tsallen Gora

Tsallen gora ɗaya ne daga cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Ɗan wasa yakan sheƙo a guje riƙe da doguwar gora, ya soka bakinta cikin wani ɗan akwati da aka binne a ƙasa, ya dogara da ita ya haye sandar da aka gitta a sama. Maza suna fafatawa a wasan a gasar Olamfik tun 1896, mata kuwa sai a Sidni a 2000 aka shigar da nasu. Ƴan kallo sun fi sa ido lokacin da mutum ya kife a sama, amma mai horarwa idonsa na ƙasa, kan taku ukun ƙarshe, domin a nan ne tsalle yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Gudu da sauke gora

Hanyar gudun ba ta kasa mita 40 ba, faɗinta mita 1.22. Gwanaye sukan yi taku 18 zuwa 20 ko fiye kaɗan, saurinsu ya zarce mita 9 a daƙiƙa. Bakin gora yana sama a farkon gudu, sai ya riƙa sauka sannu a hankali da nauyinsa. Akwatin da ake nufa tsawonsa mita 1 ne, zurfinsa santimita 20.

Tsayuwar jiki

Mai amfani da hannun dama yakan kama gora da dama a sama, hagu a ƙasa, ya tashi da ƙafar hagu. Bahago kuwa akasin haka. Idan saura taku uku, sai hannuwa su fara ɗagowa daga kwankwaso, na dama ya bi ta gefen kunne ya wuce kai. Kafin ƙafar hagu ta gama taka ƙasa, dole hannun ya miƙe sambal. Takun ƙarshe ya fi na bayansa gajarta da sauri, don kada ɗan wasa ya toge ya yi asarar gudun da ya tara.

Abin da aka fi kula da shi shi ne gurbin ƙafa. Idan aka sako zare daga hannun sama zuwa ƙasa, kamata ya yi ya sauka daidai kan yatsun ƙafar tashi. Wanda ƙafarsa ta wuce wannan gurbi ta kusanci akwati, gora za ta tokare tun yana ƙasa, ta fizge masa kafaɗa, ta lanƙwasa masa baya, ƙafafu su sulluɓe gaba kafin lokaci. Wannan kuskure ne ya fi yawa ga masu koyo, kuma shi ne yake jawo ciwon baya da na kafaɗa. Wanda ya tashi daga nesa ƙwarai kuma, gorar ba za ta kai tsaye ba, yana iya komowa ya faɗo kan hanyar gudu ko cikin akwati, inda babu katifa.

A daidai tashin, jiki yana tsaye cak, ƙirji ne a gaba, ido na kallon gaba da ɗan sama, ba akwati ba. Gwiwar dama ta cilla gaba har cinya ta kwanta, ƙafar hagu ta dage a baya a miƙe. Tsallen gaba ake yi, mai ɗan hawa, irin na dogon tsalle, kusurwarsa kimanin digiri 18 zuwa 20. Hannun hagu aikinsa ya tura sama ya buɗe wuri tsakanin ƙirji da gora. Yaro mai koyo yakan ji tsoro ya janyo gorar jikinsa ya rungume ta, kuma da zarar ya yi haka tsallen ya mutu. Ƙafar da aka bari a baya ita ce za ta shillo daga baya ta kife jiki, lokacin da gora ta tanƙwaru kamar baka tana jiran ta mayar da ƙarfin da aka zuba mata.

Tsarin Petrof da Bubka

Mai horarwa Bitali Petrof da almajirinsa Sagei Bubka na Yukren su ne suka yi fice da koyarwar cewa ɗan wasa ya bar ƙasa kafin gora ta ɗauki nauyinsa, ko daidai lokacin. Hakan yana ba shi damar kama gora can sama. Bubka ne ya fara haye mita 6, a Faris a 1985. Arman Duplantis na Suwidin ya kai 6.30 a Tokiyo a 2025. Yelena Isinbayeba ta Rasha tana riƙe da bajintar duniya ta mata, mita 5.06, tun 2009. A Afirka, Okat Birits na Afirka ta Kudu ya haye 6.03 a 1995.

Gorar kanta ta sauya salon tashi. Ta itace da ta ƙarfe ba su lanƙwasa sosai, duk da haka Koneliyas Wamadam na Amurka ya yi 4.77 da gora ta ainihi a 1942. Sai a farkon shekarun 1960 mai zaren gilashi ta mamaye fili. Kowace akwai nauyin jikin da aka rubuta mata, kuma bai kamata wanda ya fi wannan nauyi ya hau ta ba.

Koyo a Yamai

A Nijar kokowa da ƙwallo ne suka cika fili, tsallen gora kuwa kayansa na da tsada: gora, katifa mai kauri, turakan ɗora sanda. Filin wasa na Janar Saini Kunce a Yamai, wanda ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, shi ne babban dandalin guje-guje na ƙasar. Sai dai tashi daga ƙasa ba ya bukatar dukan waɗannan kaya. Da ramin yashi mai laushi da aka tone sosai, da gajeriyar gora marar tsaga, yaro zai iya koyonsa a taku biyu, sannan huɗu, sannan shida, yana kama gorar ƙasa-ƙasa yana sauka kan ƙafafunsa. Malam ya tsaya a gefe ya ja layi a yashi inda ƙafa ta taka. Ba a ƙara masa tsawon riƙo sai ƙafar ta saba faɗawa gurbi ɗaya, kuma ba a gitta masa sanda mai tsawo sai akwai katifa. Lokacin hunturu a duba iska: ta baya tana ƙara gudu har ta matsar da taku gaba, ta gefe kuma tana kaɗa bakin gora ta kauce wa akwati.