Waiwaye: Daga Girku zuwa Wusasa

A Girku, kudu da Zariya, Turawan mishan biyu suka mutu tun ba a kafa coci ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Na farko Walter Gowans ne, ɗan Kanada, wanda ya sauka Legas a 1893 tare da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo ba Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake zuwa a 1900 ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, SIM (Sudan Interior Mission), ta samu wurin zama a Patigi.

Na biyun Dudley Ryder ne, ɗaya daga cikin mutum biyar na ƙungiyar CMS, mishan ɗin cocin Anglican, da Bishop Herbert Tugwell ya jagoranta zuwa Kano a 1900. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwana uku su tattara nasu ya nasu. Suka juyo Girku, nan Ryder ya cika. A cikin tawagar akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya tako ƙasar nan.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, cin Kano da Sakkwato a 1903 bai buɗe musu ƙofa ba. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, razdan-razdan da suka biyo baya kuma suka riƙe wannan gam, don zaman lafiya da haraji sun fi damunsu. Miller ya samu ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, yana ba da magani yana koyar da yara, amma kullum a takure, ga Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ta nan, ga 'yan uwansa Turawa ta can.

Masu karɓar saƙonsa ba su da yawa. A 1913 wasu daga cikin Isawa, wata ƙungiya da ta samo asali cikin Musulmi mai fifita Annabi Isa, suka neme shi da kansu, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ɓarna, waɗanda suka tsira suka watse.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, ƙaurar da Miller bai so ba. Shi dai ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausar boko a 1932. Makarantar Wusasa kuwa ita ta yaye R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Yakubu Gowon, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.